Saiwar Indiya da Rawanin Sudan: Tarken Wata Tallar Ashwagandha

Idan aka ce a lissafa rubutun Hausa da ya fi shiga kunnen mutane a yau, da yawanmu za mu fara da littattafan soyayya, ko finafinai, ko waƙoƙin siyasa. Ni kuwa da nake zama a bayan makirufo kwana biyar a mako, na san amsar daban take. Talla ce, musamman tallar magani. Littafi sai wanda ya iya karatu kuma ya samu sukuni, fim sai mai caji a waya, amma tallar magani tana iske mutum a cikin Adaidaita Sahu, a bakin murhu, a gadon asibiti, sau biyar sau shida a yini, har ya haddace ta ba da niyya ba. Wani ne ya zauna ya rubuta ta, ya ɗauki kalma ya bar kalma, ya san inda zai sa kirari da inda zai yi shiru. Duk abin da aka yi wa irin wannan hidima ya cancanci tarke kamar yadda muke yi wa ƙagaggen labari, har ma ya fi cancanta, domin littafi in ya yi rauni lokacinka kawai ya ci, tallar magani kuwa in ta yi ƙarya aljihunka da hantarka ne za su biya.

Tallar da na ɗauko ta wani kafso ce mai suna ashwagandha. Tsawonta minti uku da ’yan daƙiƙu, tana yawo a WhatsApp, kuma an kawo ta gidan rediyon da nake aiki ana neman a sa ta. Ba zan ambaci mai kayan ba, don ba shi kaɗai ba ne. Ire-irenta suna da yawa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunan kamfani da lambar waya ne kawai ke canzawa. Na zaɓe ta ne saboda ta fi ’yan uwanta iya magana, sannan ta rataya dukkan amincinta a wuyan wata kasuwa da na sani, wato Suk al-Arabi ta birnin Khartum.

Abin da tallar ta iya

Bari in fara ba wa marubucin haƙƙinsa. Ba da ihu ya buɗe ba, kamar yadda masu lasifika a kan mota ke yi ranar kasuwa. Da hira ya buɗe, tsakanin wani magidanci da dattijo. Magidancin yana cewa:

“Baba, wallahi kwana biyu ban gane wa kaina ba. Sai in shiga ɗaki in tsaya, na manta abin da ya kawo ni. In tashi da safe kamar wanda ya kwana yana huɗa. Ga zuciya, yaro ya yi mini sallama sai in ji kamar zagina ya yi.”

Dattijon ya amsa a hankali: “Ɗana, ba kai kaɗai ba ne. Zauna in ba ka labarin wata saiwa.”

Wannan Hausa ce mai kyau, kuma wanda ya rubuta ta yana sauraron mutane. Bai ce ciwon damuwa ba, bai ce raunin ƙwaƙwalwa ba, hoto ya zana: mutum a tsaye a tsakar ɗaki yana lalube a cikin kansa. Duk wanda ya haura shekara talatin, yana biyan kuɗin haya da na makaranta a wannan zamani, zai ji da shi ake. Sannan ya yi wani abu da asibitocinmu ba su cika yi ba, ya bar namiji magidanci ya faɗi ƙuncin zuciyarsa a fili, babu mai yi masa dariya, babu mai ce masa ya cika raki. Kalmar nan ta “ba kai kaɗai ba ne” ita ce mafi tsada a tallar duka. Mutane da yawa sun shekara suna jiran wani ya faɗa musu ita.

Daga nan sai salon ya juya. Murya ta uku ta shigo, ta mai shela, da sautin kiɗan Larabawa a bayanta: “Kai tsaye daga Suk al-Arabi, babbar kasuwar Khartum! Binciken likitocin duniya ya tabbatar. Ganye ne zalla, ba shi da illa. Mai mantuwa ya sha, mai kasala ya sha, mai baƙin ciki ya sha, tsoho ya sha, saurayi ya sha, uwargida ta sha, amarya ta sha.” Sai wata Hajiya da aka ce ta yi zaman Sudan ta ba da shaida, sai farashi, naira 25,000 kwalba mai kafso 60, a sha biyu a yini har wata uku, sai lambar waya sau uku.

Tsarin ke nan: tausayi ya buɗe ƙofa, kirari ya shigo da kaya. Maimaita “ya sha, ta sha” yana da kari irin na maroƙi, kunne yana jin daɗinsa har hankali ya manta ya tambaya ko akwai wanda bai kamata ya sha ba. Jimloli huɗu na mai shelar su ne ginshiƙan tallar, kuma su zan bi ɗaya bayan ɗaya.

Sunan kasuwa a matsayin hatimi

Me ya sa Sudan? Marubucin ya san abin da sunan yake tayarwa a zuciyar Bahaushe. Kafin jirgin sama, hanyar Makka ta ƙasa ta Sudan take bi, kuma alhazai da yawa sun yada zango a can har zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama’arsa har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, gumin Hausawa da Fulani da Barebari yana cikin abin da ya raya su. A zamaninmu kuma ɗalibanmu sun yi ta tururuwa zuwa jami’o’in Khartum, musamman Jami’ar Ifrikiya. Ga ɓangaren mata: humra, turaren wuta, dilka, halawa. Duk amaryar da aka ce ’yan Sudan ne suka yi mata gyaran jiki, an san iyayenta sun kashe kuɗi. Saboda haka kalmar Sudan a kunnenmu tana tafe da ƙamshi, da ilimi, da ƙurar hanyar Makka. In ka liƙa ta a jikin kwalba ka gama rabin ciniki.

Na shiga Suk al-Arabi a 2022, lokacin da na kai wa ƙanena ziyara yana karatu a can. Kasuwar tana tsakiyar birni, a kewayen Babban Masallacin Khartum, tafiyar ’yan mintoci a ƙafa daga fadar shugaban ƙasa. Ga masu zinari, ga masu littattafai, ga motocin haya suna kiran unguwanni, ga mata masu shayi da gahawar jabana a kan ’yan kujeru. A rumfunan masu magani da kayan ƙamshi, a nan da kuma tsohuwar kasuwar Umdurman da ke tsallaken kogi, abin da ya ba ni dariya shi ne yawancin kayan na gidanmu ne suka canza suna. Garad bagaruwa ce, aradeb tsamiya, gongolez ’ya’yan kuka, lalob aduwa, sanamakka filasko, karkade kuwa zoborodo. Sai hargal da mahareb da hulba, sai ƙaro, wanda Sudan ce ke fitar da mafi yawansa a duniya. Waɗannan ne mutumin Khartum ke nufi idan ya ce maganin gida. Kafson ashwagandha a can ma baƙo ne, layinsa ɗaya da kwalaben bitamin da ake shigo da su daga waje.

Sannan ga maganar da tallar ta tsallake kamar ba ta faru ba. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo. Tsakiyar Khartum ta zama fagen daga, aka wawashe shaguna, aka ƙone gine-gine, kuma sai a watan Maris na 2025 sojoji suka sake karɓe fadar shugaban ƙasa da wuraren da ke kewaye da ita, har da kasuwar. Ɗalibanmu a motoci aka kwaso su zuwa iyakar Masar da kuma Port Sudan. Kusan shekara biyu babu mai zuwa Suk al-Arabi sayen hulba, balle sarin kafson da za a kai Kano. Tallar kuwa tana cewa “kai tsaye” da murya mai fara’a, kamar jiya aka sauke kayan. Na juya kwalbar da aka kawo tare da muryar, a bayanta da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa a Indiya aka yi.

Kwalbar ce ta faɗi gaskiya. Ashwagandha kalma ce ta harshen Sanskirit, ashwa na nufin doki, gandha kuma wari, saboda ɗanyar saiwar tana warin doki. Magani ne na Ayurbeda, tsohon tsarin likitancin Indiya, kuma masu tibbin Yunani na can suna kiran ta asgand. Masana tsirrai sun sa mata Withania somnifera, kalma ta biyun da Latin tana nufin mai kawo barci. Tsiron yana fitowa a busassun wurare na Indiya da Gabas ta Tsakiya da sassan Afirka, kuma Masarawa suna da nasu sunan da mai talla ba zai so ku ji ba: sammul firakh, wato gubar kaji.

Babu aibi a ce magani daga Indiya yake, da yawa daga cikin abin da ke kemis ɗinmu daga can ne. Aibin shi ne a naɗa masa rawanin da ba nasa ba. Hajiyar tallar ta jera shi tare da habbatus sauda da zuma da man zaitun, don mai sauraro ya ɗauka yana cikin tibbun Nabawi, alhali ba ya ciki. Marubucin bai faɗi haka da bakinsa ba, jerin ne ya faɗa a madadinsa, kuma wannan ita ce irin ƙaryar da ta fi wuyar kamawa, don in ka tuhume shi zai ce nuna mini inda na faɗa.

“Bincike ya tabbatar”

A ajin diploma an koya mana cewa duk jimlar da ta ɓoye fuskar mai magana, a tsaya a kanta. Wane bincike, su wane ne likitocin, mutum nawa aka gwada, kuma me aka tabbatar? Adalci shi ne in ce binciken akwai shi, sai dai bai kai girman rigar da aka ɗinka masa ba.

Wanda aka fi ambata an buga shi a Indiya a 2012. Mutum 64 masu fama da matsin rayuwa aka raba gida biyu, wasu suka sha miligiram 300 na tataccen ruwan saiwar sau biyu a yini har kwana 60, wasu aka ba su kafson da babu magani a ciki ba tare da sun sani ba. Waɗanda suka sha na gaskiyar sun ce hankalinsu ya fi kwanciya, kuma sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa a lokacin tashin hankali, ya ragu a jininsu da kusan kashi 28 cikin ɗari. A kan mantuwa kuwa, akwai na 2017, shi ma a Indiya, mutum 50 masu ɗan raunin tunawa, mako 8, kuma an ga ci gaba a gwajin da aka yi musu. A kan gajiya akwai na 2023 a Ostareliya, na mako 12, a kan ’yan shekara 40 zuwa 75. A nan gajiyar ta ragu, amma matsin zuciyar bai ragu fiye da na masu shan kafson wofi ba.

Mai karatu ya lura da abu uku. Na farko, mutum 50 ko 64 ba su kai sahu biyu a masallacin Juma’a ba. Na biyu, mako 8 ko 12 ba ya gaya maka abin da zai faru da wanda ya sha shekara guda. Na uku, da yawa daga cikin irin waɗannan gwaje-gwaje kamfanonin da ke sayar da kayan ne suka ba da maganin ko kuɗin yin su. Wannan ba ya nufin sakamakon ƙarya ne, amma ko a kasuwar Kwari ba a tambayar mai atamfa ko atamfarsa na zuba. Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, da suka tattara abin da aka samu, iyakar abin da suka ce shi ne tana iya taimakawa wajen matsin zuciya da barci, kuma shaidar rashin cutarwarta ta tsaya ne a kan kamar wata uku.

Akwai kuma wani abin. Gwaje-gwajen an yi su ne da tataccen ruwa mai ma’auni, irin su KSM-66 da Sensoril da Shoden, kowanne da adadin sinadarin witanolaid da aka auna a cikinsa, wani saiwa zalla, wani haɗe da ganye. Kwalbar da ke hannuna ba ta faɗi wanne ne a ciki ba. Yana iya zama tatacce, yana iya zama garin saiwa kawai. Ɗaukar sakamakon wancan a liƙa wa wannan cinikin biri a sama ne.

To ga aikin mai tarke a nan. Tsakanin “tana iya taimakawa” da “ya tabbatar” kalma biyu ce kacal, amma a cikin wannan ɗan tsakanin ake cin riba. Marubucin ya iya Hausa sosai, ya san bambancin “ƙila” da “tabbas”. Da gangan ya ajiye ɗaya ya ɗauki ɗaya.

“Ganye ne, ba shi da illa”

Wannan jimla ce ta fi tsorata ni, kuma ba wannan talla ce ta ƙirƙiro ta ba, gado ce a bakin masu magani. Bahaushen da ya san zaƙami, wanda har ake kira haukata-yaro, bai kamata a ce masa ganye ba ya illa ba. Abin mamaki ma, ashwagandha da zaƙami dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai, dangin da ya haɗa tumatir da gauta da barkono da taba. A gida ɗaya akwai na miya, akwai na asibiti.

A 2020 likitoci suka buga labarin mutum biyar, uku a Aisilan biyu a Amurka, waɗanda shawara ta kama su, da ƙaiƙayi da tashin zuciya da kasala, mako 2 zuwa 12 bayan sun fara shan ashwagandha. Waɗannan hantarsu ba ta tsaya ba. Amma a 2023 wasu likitocin hanta a Indiya suka kawo labarin mutum takwas da suka sha ta ita kaɗai, biyar daga cikinsu da ma suna da tsohon ciwon hanta, kuma uku daga cikin biyar ɗin suka rasu. A wannan shekara ce Danmak ta hana sayar da ita, bisa rahoton Jami’ar Fasaha ta ƙasar na 2020, wanda ya nuna damuwa kan yadda take taɓa sinadaran tayirod, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, da sinadaran haihuwa, da kuma tsoron zubar da ciki. A 2024 hukumar magunguna ta Ostareliya ta yi gargaɗi a kan hanta.

Illar hantar ba ta da yawa idan aka kwatanta da yawan masu sha, kuma ba na so a ce na zuzuta. Sai dai a duba ƙasar da ake yi wa wannan shela. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na ’yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau’in B, kuma ciwo ne da kan zauna shekaru a jiki mai shi bai sani ba. Ɗaya daga cikin alamunsa kuwa ita ce gajiya. Ke nan mutumin da ya fi kamata ya nisanci kwalbar nan shi ne wanda magidancin tallar yake kwaikwayo.

Hukumomin lafiyar Amurka sun lissafa waɗanda ya kamata su guje ta ko su nemi likita tukuna: mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon tayirod, mai shirin tiyata, mai shan maganin suga ko na hawan jini ko na farfaɗiya ko na barci. Yanzu a sake sauraron kirarin: uwargida ta sha, amarya ta sha. Amaryar da ƙila cikin wata biyu ne da ita. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi, kuma tallar zaƙin kawai ta ɗanɗana mana.

Wani zai ce ai akwai lambar NAFDAC. A sani, lambar maganin ganye da ke ƙarewa da harafin L shaida ce ta cewa an jera shi bayan an duba tsabtarsa da rashin guba a matakin farko, kuma dole a rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwarsa ba. A Amurka ma, tun dokar 1994, irin waɗannan kwalabe ba sa bukatar a tabbatar da amfaninsu kafin a sayar. A Sudan akwai Majalisar Magunguna da Guba ta Ƙasa mai rajistar magani, amma tallar ba ta kawo lambarta ba, sunan kasuwa ta kawo.

Gajiya saƙo ce

Ko da kwalbar ba ta cutar da kowa ba, akwai ɓarnar da tallar ke yi a tunani. Ta ɗauki mantuwa da gajiya da ƙunci ta mayar da su cuta guda mai magani guda. Alhali alamu ne, kuma a ƙasarmu abin da ke bayansu sananne ne: ƙarancin jini, musamman ga mata masu haihuwa a kai a kai, zazzaɓin cizon sauro da ke komowa, ciwon suga da ba a gano ba, raunin tayirod, ƙarancin bitamin B12, rashin barci, ciwon damuwa, da kuma yunwa, wadda ba ma son kiran sunanta. Kowanne da maganinsa, wasu ma masu araha ne. Awon jini da na suga da na zazzaɓi da na hanta, in ka haɗa su a asibitin gwamnati, ba su kai kuɗin kwalba ɗaya ba. Wata ukun da tallar ta yanka kuwa naira 75,000 ne, ya haura mafi ƙarancin albashin ƙasa na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, shi ya sa alhakin yana kan mai miƙawa.

Sai kuma in tuna da mutanen da aka ari sunan kasuwarsu. Sama da mutum miliyan 10 yaƙin nan ya raba da gidajensu, kuma a watan Agusta na 2024 aka tabbatar da fari na yunwa a sansanin Zamzam kusa da al-Fashir. A cikinsu akwai Hausawan Khartum da Umdurman da Jazira, jikokin waɗancan alhazai. In akwai masu mantuwa da gajiya da ƙuncin zuciya a duniya, su ne, kuma babu mai hankalin da zai ce kafso ne bukatarsu. A ɗauki sunan kasuwar da ta ƙone a kansu a sayar da farin ciki a kwalba, ko kalma ɗaya ta jaje babu, wannan rashin ta ido ne.

Da marubucin yana son aron wani abu daga Sudan a kan lafiyar zuciya, ai da akwai. Dokta Tijjani al-Mahi, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1970, shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, kuma asibitin masu taɓin hankali na Umdurman sunansa yake ɗauke da shi. An san shi da ƙin raina malaman tsibbu da masu maganin gargajiya, ya zauna da su, ya nemi a yi aiki tare, kamar yadda Dokta Thomas Lambo ya yi a Aro ta Abeokuta tun 1954. Darasinsu shi ne a saurari mara lafiya da harshensa, sannan a bincika me ke damun sa. Tallar ta koyi rabin farko ta yi watsi da na biyu.

Mu masu makirufo

Shawarar sa talla ko ƙin sa ta ba a hannun mai gabatar da shiri take ba, amma muryarsa a hannunsa take. Masu kaya sun fi son mu karanta musu da bakinmu, don sun san tsohuwar da ke Gezawa ko Matamai ba ta raba muryar da ta karanta mata labaran duniya da wadda ta ce mata ta sha kafso. Amana ce ta shekaru ake sayarwa da minti. Ra’ayina shi ne duk tallar da ta ce “ba shi da illa”, ko ta ce “kowa ya sha”, ko ta kira bincike ba ta faɗi nasa suna ba, kada mai gabatarwa ya ara mata muryarsa, kuma editocinmu su mayar da ita a gyara kamar yadda suke mayar da labarin da ba shi da tushe.

Masu talla za su ce gaskiya ba ta sayar da kaya. Ban yarda ba, kuma marubucin nan da kansa ne hujjata, domin sashen da ya fi taɓa zuciya a aikinsa shi ne wanda babu ƙarya a ciki. Da zai bar buɗewarsa yadda take, ya canza amsar dattijon kawai, da an samu abin da zan karanta da bakina ba tare da nauyi ba:

“Ɗana, ba kai kaɗai ba ne. Fara zuwa a auna maka jini da suga da hanta. In an ce lafiya lau, akwai wata saiwa ta Indiya da wasu suka ce ta sassauta musu zuciya ta gyara musu barci. Ba ta yi wa kowa ba, kuma kada ka wuce wata uku. Kada ka ba matarka in tana da ciki ko goyo. In ka ga idonka ya yi rawaya, ko fitsarinka ya yi duhu, ajiye ta ka nufi asibiti.”

Wannan bai kai daƙiƙa talatin ba, kuma Hausarsa ba ta fi ta wancan rauni ba. Zai rage ciniki, na sani, amma wanda ya saya ya san abin da ya saya.

Kira na ga ’yan uwa marubuta da manazarta shi ne mu faɗaɗa abin da muke kira adabi idan mun zo tarke. Ɗaliban Hausa a jami’o’in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna neman batun kundi, ga shi nan yana fita daga rediyon mai shayi safe da yamma. A naɗi tallace-tallacen nan, a rubuta su a takarda, a bi su jimla jimla, a ga inda aka ari rigar addini, inda aka ari ta likita, inda aka ari sunan ƙasar wasu. Mai sauraron da ya taɓa ganin an warware masa talla guda a gabansa, da wuya ta biyu ta kama shi a saukake.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, Ya raya kasuwanninsu.